HemoCue Hb 301 a zafin Sakkwato: abin da take iyawa da inda take gazawa

Tambayar da aka fi yi wa ɗakin gwaji a ƙaramin asibiti ita ce: jinin wannan majiyyacin nawa ne? Ko dai mai ciki ce ta zo awo tafin hannunta fari fat, ko yaro ne aka kawo tsakiyar damina da masassara yana numfashi sama-sama, ko kuma ɗan'uwan mara lafiya ne ya zo bayar da jini ana son a san ko yana da na bayarwa. A yawancin wurare a Sakkwato amsar daga PCV take fitowa, wato awon kaso nawa cikin ɗari na jinin ne jajayen ƙwayoyi: a cika siririn bututun gilashi da jini, a toshe gindinsa, a juya shi a inji na minti 5, a ɗora a ma'auni a karanta. Hanya ce mai kyau idan akwai wuta. Idan babu, sai dai a tayar da janareta saboda bututu guda, ko a koma duban cikin fatar ido, wanda kowa ya san kintace ne.

Wannan giɓin HemoCue Hb 301 take cikewa. Ƙaramar na'ura ce ta kamfanin HemoCue na ƙasar Suwidin, nauyinta kusan rabin kilo, tana aiki da batir 4 irin na AA ko da wutar bango. PCV ba ya cikin aikinta. Abin da take aunawa shi ne himogulobin, sinadarin cikin jajayen ƙwayoyin jini da ke ɗaukar iskar oksijin, daga 0 zuwa 25.6 g/dL (giram a kowace desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na litar jini). Jinin da take buƙata bai wuce mikirolita 10 ba, wato ɗan ƙaramin ɗigo, kuma sakamako kan fito cikin daƙiƙa 10. Ana ɗibar jinin ne da kubet, wani ɗan falle na roba mai siririn rami a baki wanda ke zuƙe ɗigon da kansa. Kowane gwaji kubet ɗaya, a jefar.

Hukuncinmu a taƙaice: ga asibitin matakin farko, ɗakin awon ciki, ɗakin yara, da masu fita ƙauyuka aikin tantancewa, ta cancanci kuɗinta. Amma lambar da take bayarwa ba ta fi ɗigon jinin da aka ba ta inganci ba, kuma a nan ne ake yawan yin ɓarna.

Wanda ya shiga saye zai tarar da yayarta, Hb 201+, kusa da ita, kuma wasu dillalan ba sa bambance su. Bambancin na da girma ga mai aiki a wannan yanki. Kubet ɗin 201+ na ɗauke da busasshen sinadari a ciki, wanda ke fasa jajayen ƙwayoyi ya mayar da himogulobin wani nau'i mai launi tsayayye kafin a auna. Wannan sinadarin ba ya jure zafi ko laima. Ana son a ajiye shi tsakanin 15 da 30°C, kuma da zarar an buɗe gwangwanin, wata 3 ne wa'adinsa. To a Sakkwato wane ɗaki ne marar na'urar sanyaya wuri ke zama ƙasa da 30°C daga Maris zuwa Mayu? Kubet ɗin 301 kuwa babu sinadari a cikinsa. Na'urar na haska haske ne ta cikin jinin yadda yake, a zangon haske biyu, waɗanda ake aunawa da nanomita. Na farko, nanomita 506, wuri ne da himogulobin mai ɗauke da oksijin da wanda ya sauke shi suke shan haske daidai wa daida, don haka jinin yatsa da na jijiya duk suna aunuwa. Na biyu, nanomita 880, shi ke cire kuskuren da gurɓacewar samfur kan jawo, kamar yawan kitse ko yawan fararen ƙwayoyi. Da yake babu sinadarin da zai lalace, na'urar da kubet ɗinta an yi su ne su yi aiki tsakanin 10 da 40°C.

Sai dai 40 ɗin ma iyaka ce, kuma bazarar Sakkwato na tsallake ta. Ɗaki mai rufin kwano ba silin, da azahar ɗin watan Afrilu, yana iya fin haka nesa ba kusa ba. Motar da aka ajiye a rana ba a ma magana. Don haka a irin wannan lokacin a nemi ɗakin da ya fi kowanne sanyi a ginin, a rataye ma'aunin zafi a bango kusa da teburin, a riƙa rubuta abin da ya nuna safe da rana. Masu fita ƙauye su sa na'urar da kubet cikin akwatin sanyi marar ƙanƙara, su yi aikinsu a inuwa, su fi ba da ƙarfi da safe. Kada a ce za a yi dabara a sa kubet a firjin rigakafi: 2 zuwa 8°C ya yi ƙasa da iyakar da aka gindaya, sannan idan aka fito da shi cikin zafi raɓa kan kwanta a jikin robar, daidai inda haske zai ratsa.

Rashin sinadari ya zo da nasa sharaɗin, kuma shi ne wanda waɗanda suka saba da 201+ suka fi karyawa. A tsohuwar, ana iya cika kubet a bar shi har minti 10 kafin a karanta. A 301 daƙiƙa 40 ce kawai. Ƙwayoyin jinin ba a fasa su ba, suna nan da ransu cikin ramin, suna fara haɗuwa da kwantawa, bakin ramin kuma yana bushewa, balle a iskar hunturu. Ma'anar wannan a aikace: na'ura ta kasance a kunne, ta gama gwada kanta, an jawo mazaunin kubet waje, layuka uku na walƙiya a fuskarta, kafin a soki kowa. Ba a cika kubet a ɗakin haihuwa a taho da shi ɗakin gwaji. Na'urar ake ɗauka a kai wurin majiyyaci. Haka nan ba a jera kubet biyar na mutum biyar a ce za a karanta su bi da bi.

Yanzu ga sukar yatsa, inda mafi yawan sakamakon banza ke fitowa.

A zaunar da mutum, hannunsa a sake, ƙasa da saitin zuciya. Yatsan tsakiya ko na kusa da ƙarami ake so, kuma ba wanda ke da zobe ba. A taɓa hannun tukuna. Da sanyin safiyar Disamba da Janairu yatsu kan yi sanyi, jini ya janye daga fata, kuma duk wanda ya soki irin wannan yatsan zai ƙare da matsa shi. A sa mutum ya murza tafukansa ko ya sa hannu cikin ruwan ɗumi na 'yan mintuna. A wannan lokacin ne kuma mutane ke shafe hannu da basilin ko man kaɗanya saboda kaushi. Jini ba ya taruwa ya yi ɗigo a kan fata mai maiƙo, bazuwa yake yi ya bi layin yatsa, kubet kuma ya ja iska tare da shi. Auduga da sifirit sau ɗaya ba ta cire wannan man. A wanke da sabulu, a tsane. Lallen da ya riga ya kama fata bai hana gwaji ba. Bayan an goge da sifirit a jira ya bushe sarai, domin ragowarsa na tsinka jinin ya kuma fasa ƙwayoyi.

A soki gefen kan yatsa, ba tsakiyarsa ba, da allurar suka mai amfani sau ɗaya. Zurfin sukar na da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ma'aikaci mai tausayi kan yi 'yar suka sama-sama, jini ya ƙi fita, sai ya hau tatsar yatsan. Tatsa na fito da ruwan nama ya gauraya da jini, sakamako ya sauka ƙasa da gaskiya, a ce wa lafiyayyar mace jininta ya yi ƙasa. Manomi ko mai dakan da fatar hannunsa ta yi kanta yana buƙatar allura mai ɗan zurfi. Jariri da bai kai wata 6 ba a gefen diddige ake sukarsa, kuma kada zurfin ya wuce milimita 2 saboda ƙashi na kusa.

A goge ɗigo 2 ko 3 na farko da busasshiyar auduga. A bar na gaba ya taru ya yi girma sosai, da ɗan dannawa mai sauƙi idan ta kama. Mutane da yawa kan ƙanƙame hannu don tsoro, kuma "Hajiya, saki hannun, an riga an gama mai zafin" ta fi matsa yatsa amfani. A sa bakin kubet a tsakiyar ɗigon, a bar shi ya cika a ja ɗaya ba tare da an ɗaga ba. Idan bai cika ba, an yi asararsa: ba a mayar da shi a ƙara, domin tsakanin jan farko da na biyu iska ke shiga. A goge jinin da ya taɓa bayan robar ba tare da an taɓa bakin ramin ba, kada audugar ta zuƙe na ciki. A ɗaga shi a haske a duba zagayen da ke tsakiya. Kumfar iska ko guda a wurin tana sa sakamako ya sauka; ƙanana a can gefe ba sa komai. Sannan a ɗora a mazauni a tura a hankali. Wanda ya banka shi da ƙarfi yana watsa jini cikin idon na'urar, kuma duk gwajin da zai biyo baya ya gurɓata.

Ko an bi duk wannan, ɗigo biyu daga yatsa guda ba lalle su ba da lamba ɗaya ba. Halin jinin yatsa ke nan, ba laifin na'ura ba. Shi ya sa a ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 jinin jijiya da babban injin ƙirga ƙwayoyi ta fifita wajen tabbatar da ƙarancin jini. Ƙa'idar da muke ba da shawara a liƙa a bango ita ce: duk sakamakon da za a yanke hukunci mai nauyi a kansa, kamar ƙarin jini ko tura majiyyaci babban asibiti, da duk wanda ya saɓa wa abin da ido ke gani, a maimaita shi da jinin jijiya.

Jinin jijiya a kwalbar EDTA, mai sinadarin hana jini daskarewa, ya fi ba da lamba tsayayya a wannan na'urar, in an kiyaye abu uku. Kada igiyar ɗaure dantse ta wuce minti ɗaya, domin jini na kauri a ƙasanta. Kada a ɗiba daga hannun da ke da ƙarin ruwa. Sannan a gauraya. Jinin da aka ajiye a kwalba kamar fura ne a kwano, mai kaurin na komawa ƙasa, tsararon ya hau sama. Wanda ya ɗiba daga sama ba tare da ya juya ba zai ga ƙarancin jinin da babu shi. A kifa kwalbar a tayar a hankali sau 8 zuwa 10, ba girgizawa ba. Idan daga firji ta fito a bari ta huce sanyin. A ɗiga a kan gilashi mai tsabta ko ledar da ba ta shan ruwa, a cika kubet daga nan. Kwalbar da aka ga gudan jini a ciki ba ta aunuwa, a sake ɗiba.

Lambobin da ya kamata su kasance a gaban mai karanta sakamako, bisa ƙa'idar 2024 ɗin: ana cewa akwai ƙarancin jini idan himogulobin ya gaza 10.5 g/dL ga yaro mai wata 6 zuwa 23, 11.0 ga mai wata 24 zuwa 59, 11.5 ga mai shekara 5 zuwa 11, 12.0 ga mace marar ciki, 13.0 ga namiji baligi. Mai ciki 11.0 ne a watanni ukun farko da na ƙarshe, 10.5 a na tsakiya. Ƙasa da 7.0 ga mai ciki ko yaro da bai kai shekara 5 ba, ƙaranci ne mai tsanani. Yaro mai maleriya da ya sauko 5 ko ƙasa ya shiga sahun maleriya mai tsanani, kuma wanda ya sauko 4 ko ƙasa ƙarin jini yake buƙata ba jira. Tsakanin 4 da 6 ana duba numfashinsa da hayyacinsa. Gyaran da ake yi wa lambobin saboda tudun ƙasa daga mita 500 yake farawa, Sakkwato ba ta kai nan ba, don haka a karanta yadda na'ura ta nuna.

Likitocinmu da ungozomomi da PCV suka saba tunani, kuma za su tambaya. Lissafin da kowa ke yi shi ne a ninka himogulobin sau 3: 7 g/dL ya zama PCV wajen kashi 21 cikin ɗari. Yana aiki ga mai ƙwayoyin jini daidai. Yana karkacewa ga mai ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda ƙwayoyinsa ƙanana ne kuma kodaɗɗu, da mai sikila, wanda lanƙwasassun ƙwayoyinsa ba sa matsuwa sosai a bututu, suna riƙe ruwan jini a tsakaninsu PCV ya ɗan haura. Waɗannan biyun kuwa ana yawan ganinsu a ɗakin gwaji a nan. Saboda haka a rubuta abin da aka auna da sunansa da ma'auninsa. Rubuta "PCV 21%" a takarda alhali ninkawa aka yi, ƙarya ce ƙarama da kan rikita wanda zai kwatanta da gwajin gobe. A kuma lura ko na'urar da aka saya g/dL take nunawa ko g/L, domin 70 a wannan shi ne 7.0 a wancan.

Akwai wuraren da lambar daidai take amma tana yaudara. Matar da ta zubar da jini bayan haihuwa, ko wanda aka kwaso daga hatsarin babur, himogulobin ɗinsu na iya fitowa lafiya lau a sa'o'in farko, domin ƙwayoyi da ruwan jini tare suka zuba, jiki bai riga ya janyo ruwa ya tsinka ragowar ba. A nan bugun zuciya da awon hawan jini da yawan abin da ya zuba ake bi. Yaro mai gudawa da amai da jikinsa ya bushe zai nuna lamba sama da gaskiyarsa, ta faɗo bayan an ƙara masa ruwa. Mai sikila kuma da lambarsa ta yau da kullum ake kwatanta shi, wadda galibi tsakanin 6 da 9 take; 7 a wurinsa ba abin tashin hankali ba ne, faɗuwa daga 8 zuwa 5 cikin kwana biyu shi ne.

Abin da na'urar ba ta yi ko kaɗan shi ne faɗin dalili. Ba ta ba da girman ƙwayoyi, ba ta ƙirga fararen ƙwayoyi ko ƙwayoyin daskarar da jini, ba ta ganin ƙwayar maleriya. Wanda jininsa ke ta sauka ba a san sababi ba, cikakken ƙirgen jini da duban gilashi a madubin likita yake buƙata, irin wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru. A wannan fannin ma bututun PCV ya fi ta wani abu guda: mai ido yana ganin launin ruwan jinin da ke sama, ko ya yi ɗorawa irin na shawara ko ja irin na fashewar ƙwayoyi, yana kuma ganin kaurin farin layin fararen ƙwayoyi da ke tsakiya. Don haka wanda ke da injin juya jini kada ya jefar da shi.

Wani abin lura: a kwatancen da aka sha yi da manyan injuna, 301 ta fi karkata ga nuna lamba ɗan sama kaɗan. Ga mutumin da ke 13 wannan ba komai ba ne. Ga mai ciki da ke bakin iyaka, ko mai bayar da jini da ake tantancewa a 12.5, yana iya tsallakar da wanda bai kamata ya tsallake ba. An saita na'urar tun daga masana'anta, mai amfani ba shi da abin murɗawa. Abin da za a iya yi shi ne a san halin wadda ke hannu: lokaci-lokaci a ɗauki kwalaben EDTA kamar 10, masu ƙarancin jini da masu lafiya, a auna su a nan a kuma kai su babban inji a rana guda, a rubuta bambancin a littafi. Gwajin da na'urar ke yi wa kanta idan an kunna ta lantarkinta kawai yake dubawa, bai san hannun ma'aikaci ko lafiyar kubet ba. Akwai ruwan gwajin inganci da aka yi musamman domin 301, mai mataki na ƙasa da na tsakiya da na sama. Na 201+ bai dace da ita ba.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar na'urar a nan. Kullum bayan tashi a zare mazaunin kubet a wanke da sifirit ko ruwan sabulu mai sauƙi, a bari ya bushe sarai kafin a mayar. Idon da ke ciki da sandar gogewa ta kamfanin ake share shi, a tura a ja sau da yawa, idan ta fito da datti a sake da sabuwa, sannan a jira minti 15. Kada a cusa auduga a tsinke, zarenta na maƙalewa a kan idon. Cikin hunturu na'urar ta kwana a jakarta, gwangwanin kubet kuma a rufe shi duk lokacin da aka zari ɗaya. Batir marar kyau kan zubo ruwa a zafi ya cinye ƙarfen mazauninsa, don haka a cire su idan za a daɗe ba a yi aiki ba. Ba ta da wurin shigar da suna ko lambar majiyyaci. Wanda bai rubuta sakamako nan take ba, a layin mata 40 ranar awo, sai ya haɗa na wata da na wata.

Maganar kuɗi kuwa, sayen na'urar shi ne mai sauƙin. Kubet ne ke cin aljihu, daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala, kuma babu na wani kamfani da ke shiga madadinsa. Na 201+ ma ba ya aiki a 301. Bututun PCV da abin toshe shi sun fi araha nesa. Asibitoci da dama sun karɓi irin wannan na'ura kyauta daga wani shiri, kubet ɗin da ta zo da shi ya ƙare, ta koma durowa. Kafin a biya, a lissafa gwaji nawa ake yi a wata, a ƙara kamar ɗaya cikin goma na waɗanda za su lalace da na maimaici, a ninka na damina domin daga Yuli zuwa Oktoba ne ɗakin yara ke cika. Kubet 50 ne a gwangwani, gwangwani 4 a kwali. A tambayi dillali inda yake ajiye kayansa, domin kwalin da ya yi bazara a shagon kwano ko bayan mota daga Legas ya riga ya wuce 40°C tun kafin ya iso. A duba hatimin kowane gwangwani da ranar ƙarewar wa'adinsa, a tabbatar an rubuta 301 a jiki, a kuma rubuta ranar da aka buɗe shi a kan murfin.